Yadda ake fita farautar maraya da tsohuwar bindiga da tsohon harsashi

Bindigar da nake farauta da ita ta girme ni. Mauser ce mai cin harsashin 7x57, kawuna ya bar mini ita a Garwa, a arewacin Kamaru, tare da wata jakar fata da harsasai goma sha ɗaya, ya ce: "Ɗana, bindigar nan ba ta ƙarya. In ta kuskure, ka tuhumi harsashi ko hannunka." Shekaru na yi ina bin dajin Mayo Rai da na Faro da ita kafin maganar ta zauna mini. Matasa da yawa suna gādon irin waɗannan bindigogi, su goge ƙura, su cusa duk harsashin da ya shiga, su nufi daji. A nan ake rasa ido da yatsu, a nan kuma ake raunata dabba ta je ta ruɓe a cikin ciyawa. Abin da zan koya maka shi ne ka san harsashinka kafin ka san dabbarka.

Dabbar nan mai ƙaho kamar reshen itace da Turawa ke farauta a Amurka da Faransa ba ta dajinmu. Namu su ne maraya, mazo, kwanta-rafi, gada, batsiya, kanki, gwambaza da gwanki. Zan fi magana a kan maraya, wata jar dabba mai kama da barewa, domin da ita ya kamata sabon maharbi ya fara. Barewa mai jan goshi kuwa ka cire ranka daga kanta, tana cikin dabbobin da doka ta tsare gaba ɗaya.

Kayan da za ka tanada

Bindiga da takardar izinin mallakarta da sunanka a jiki. Izinin farauta na wannan shekara. Harsasai iri ɗaya, aƙalla goma sha biyu. Sandar goge bututu da buroshinta, tsumman auduga mai tsabta, da man bindiga. Sanduna uku masu tsayin ƙirjinka, a ɗaure kansu da robar tayar keke, su ne madogararka a daji. Wuƙa mai kaifi da dutsen wasa, igiya, gishiri, buhu mai tsabta. Toka mai laushi cikin ƙaramin tsumma. Ruwan sha lita uku ko fiye. Auduga don kunne. Kwali da alƙalami don gwaji. Tufafi masu launin ƙasa, ban da fari, ban da shuɗi da baƙi, domin ƙudan tsando na bakin mayo, wato rafi, yana son su.

In babu sandar goge bututu, igiya mai ƙarfi da ɗan tsumma a ɗaure a bakinta ta isa, sai dai ka riƙa ja daga gindi zuwa baki, a miƙe, kada igiyar ta riƙa cin leɓen bututun. In babu man bindiga, man keken ɗinki ya yi. Man gyaɗa da manja kada su kusance ta: suna daskarewa su zama danƙo, ƙurar hunturu ta manne a kai, allurar da ke bugun gindin harsashi ta yi nauyi.

1. Takardu kafin komai

A Kamaru izinin sayen bindiga da riƙe ta yana hannun ma'aikatar mulkin cikin gida, ƙarƙashin dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016. Izinin farauta kuwa na ma'aikatar gandun daji da namun daji ne, wadda kowa ke kira MINFOF, kuma tana da ofishi a Garwa da Marwa da Ngaundare. Izinin kashi uku ne, na ƙaramar farauta da matsakaiciya da babba, kuma girman bakin bindigarka yana cikin abin da ake dubawa. Dabbobi ma aji uku ne: A ba a taɓa su, B sai da izini da biyan kuɗin kisa, C sun fi sauƙi. Maraya da mazo suna ajin B.

A arewa ana buɗe farauta daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Mayu. Gandunan Binuwai, Faro, Buba Njidda da Waza ba a harbi a cikinsu ko da kana da izini. Farauta tana yankunan da aka keɓe mata, kuma kowane yanki yana da mai riƙe da shi, sai ka nemi yardarsa. Tun dokar 1994 aka hana farautar dare da fitila, harbi daga mota, koro dabba da wuta, guba, bindigar toka da makaman yaƙi. A Yulin 2024 an yi sabuwar doka, don haka ka taka da ƙafarka ka je ofishi ka tambayi yadda abin yake a bana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Karanta bindigarka

Cire harsashi, cire sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a gindin bututu, ka leƙa ka tabbata babu komai a ciki. Kowane lokaci ka ɗauki bindiga da wannan za ka fara, ko da kai ka ajiye ta da hannunka jiya.

A jikin bututu, kusa da gindi, akwai lambar harsashin da take ci. Goge wurin ka karanta da kyau. Waɗanda aka fi samu a hannun tsofaffi a nan su ne 7x57 na Mauser, wanda ya fito a 1892. 7x64 na Brenneke, na 1917, wanda ya bazu a ƙasashen renon Faransa saboda Faransawa sun daɗe suna hana farauta da harsashin da sojoji ke amfani da irinsa. Sai 9,3x62, wanda Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 musamman don Jamusawan da ke zaune a Afirka, lokacin Kamaru tana hannunsu. Lamba ta farko kaurin ƙwayar ce da milimita, ta biyu tsawon kwanso, wato ɓawon da ke riƙe da albarushi. Duka ukun suna kayar da maraya ba gardama. Tsufan lamba ba rauni ba ne.

Inda mutane ke halaka shi ne kamanni. Harsashin 7x57 zai iya shiga bindigar 7x64, domin gindinsu kusan ɗaya ne kuma ya fi gajarta, amma shigarsa ba ta nufin nata ne. Haka 8x57 iri biyu ne: na farko, na 1888, kaurinsa milimita 8,08, na biyu, na 1905, mai harafin S, milimita 8,2. In ka sa mai S a tsohon bututu mai ƙunci, ka matse wuta a inda ba ta da mafita. In kuma ka ga harafin R a ƙarshen lamba, wannan mai leɓe ne a gindi, na bindiga mai karyewa. Abin da ke rubuce a gindin harsashi dole ya zama shi ne a jikin bindiga, harafi da harafi. In lambar ta goge, ko kana zargin an taɓa sake huda ɗakin harsashin, kai ta wurin mai gyaran bindiga mai izini ya auna.

Daga nan ɗaga bututun ka duba ta cikinsa wajen haske. Za ka ga layuka a murɗe, su ne ke juya ƙwaya ta tafi a miƙe. In suna da kaifi, madalla. In akwai ɗigo-ɗigon tsatsa kaɗan, tana iya yin aiki, gwaji ne zai faɗa. In ka ga wani duhu kamar zobe, ko ka shafa waje ka ji kumburi, bututun ya taɓa buguwa, ajiye ta. Duba katakon ma, musamman wuyansa bayan sakata, inda yake tsagewa saboda bushewar rani. Ɗaure sukurori biyun da ke ƙasa. Sau da yawa bindigar da ake cewa ta haukace sukuru ne kawai ya kwance.

3. Tantance harsasai

Nan ne zan daɗe, domin nan ne aikin yake. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka zube harsasan, ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Fara da gindi. Ware su bisa kamfani da nauyin ƙwaya: RWS gefe guda, Norma gefe guda, Sellier & Bellot gefe guda. Ko lambarsu ɗaya ce, ba wuri ɗaya suke faɗawa ba. Ƙwayar 7x57 mai nauyi, ta wajen giram 11, da mai sauƙi, ta wajen giram 9, za su iya rabuwa da faɗin tafin hannu a mita ɗari. Wanda ka gwada bindiga da shi, da shi za ka yi farauta.

Cire duk mai koren tsatsa, musamman kewayen 'yar hular da ke tsakiyar gindi, wadda ke kunna albarushi. Cire mai tsaga a wuya, ko da siririya ce kamar gashi. Goga farce za ka ji ta. Cire wanda ƙwayarsa ke juyawa in ka murza, ko ta nutse ciki fiye da 'yan'uwanta. Cire mai lotsawa a kafaɗa. Duhun launi kaɗai ba laifi ba ne, tsumma busasshe ya ishe shi. Kada ka shafa wa harsashi mai don ya yi sheƙi: man yana kashe hular, kuma yana sa kwanso ya zame ya jibga wa sakata nauyin da ba nata ba.

Kan ƙwayar ma ka duba. Ta farauta tana da dalma a buɗe a tsininta, don ta baje cikin nama ta kashe da wuri. Wadda jan ƙarfe ya rufe har tsini galibi ta soja ce. Doka ta hana, kuma tana ratsa dabba kamar allura ta bar ta da wahala. Wasu suna goge tsinin da zarto wai ta zama ta farauta. Kada ka yi. Gindinta a buɗe yake, sai dalmar ta fice ta bar rigar ƙarfen a maƙale cikin bututu, harbi na gaba ya tarar da ita.

Sai maganar harsashin ɗurin hannu. A Amurka da Turai akwai maharba masu sake cika kwanson tsofaffin bindigoginsu, kuma suna samun harsashi mai kyau. Amma suna yi ne da ma'auni mai gane abin da bai kai ƙwayar gero nauyi ba, da littafin kamfanin da ya yi garin albarushin, da garin da aka san sunansa da lambarsa. Abin da ake kawo mana a leda a ce "ɗurin gida ne, ya fi na kanti ƙarfi" wani abu ne daban, kuma haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne a ƙasar nan. Garin harsashin tsuntsaye yana cin wuta da sauri ƙwarai fiye da na doguwar bindiga. In aka cika kwanso da shi, bindiga ce ke fashewa a fuskar mai ita. Za ka gane ɗurin hannu da hula mai launi daban da ta sauran, ko ƙarce a wuyan kwanso, ko tsawon da bai zo ɗaya ba.

Wata shekara harsashi ya yi wuya, wani abokin tafiyata ya sayi irin wannan guda biyar a hannun wani mutum. Muna gwaji a gindin wani tudu bayan garin Poli, ya ja kunama, sai muka ji "fut", kamar an buɗe kwalba. Bindigar ko motsi ba ta yi a kafaɗarsa ba. Ya ja sakata zai ɗora wani, mai bin sawunmu, wani dattijo Bafulatani, ya dafe masa hannu ya ce: "Tsaya, Malam, leƙa tukuna." Muka cire sakata muka leƙa, duhu. Ƙwayar tana tsaye a tsakiyar bututu, ba a zuba gari a kwanson ba sam. Har yau in na tuna hannun dattijon nan sai na yi masa addu'a.

In harsashi ya yi ƙaranci, ka bi ta dillali mai izini da takardarka, ka jira. Gara ka rasa farautar shekara guda.

Ajiya kuma: akwatin ƙarfe mai rufi, a ɗaki mai sanyi, a kulle, nesa da yara, dabam da bindiga. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura 40. Harsashin da ya yini a gaban mota cikin rana ƙarfinsa yana ƙaruwa fiye da yadda aka ƙera shi.

4. Gwaji a kwali

Nemi wuri mai tudun ƙasa ko gaɓar mayo a baya, inda ba hanyar shanu ko ta masu itace. Sanar da mai gari. Goge man da ke cikin bututu da ɗakin harsashi har tsumma ya fito a bushe.

Kafa kwali a mita 25, ka zana baƙin ɗigo. Ɗora bindiga a kan buhun yashi, katakon ne zai hau buhu, ba ƙarfen ba. Cire sakata, ka leƙa ta cikin bututu har ka sa ɗigon a tsakiya, sannan ba tare da ka motsa ta ba ka duba saiti. In sun yi nisa da juna, gyara tun kafin ka ɓata harsashi. Wannan dabarar kaɗai tana tsirar da uku ko huɗu.

Toshe kunne, harba ɗaya. In ya faɗa kusa, mayar da kwali mita 100 ka harba uku, kana barin bututu ya huce tsakaninsu. Tsakiyar ukun za ka duba, ba wanda ya fi burge ka ba. Saitin baya ana matsar da shi wajen da kake so harbi ya koma. Na gaba kuwa akasin haka. In ukun sun taru cikin faɗin tafin hannu, bindigarka ta isa farauta. In sun watsu fiye da faranti, sake duba sukurori, sake gwada wani kamfanin, in bai gyaru ba ka rage nisan harbinka zuwa inda suke taruwa.

Bayan kowane harbi ɗauki kwanson ka duba. Sakata ta yi tauri wajen buɗewa, hula ta baje ta cika raminta, baƙin hayaƙi a kewayenta, ko wani zobe mai haske kusa da gindi: duk alamun a tsaya ne.

In ka ja kunama ka ji "ƙas" ba ƙara, kada ka buɗe, kada ka juyo. Riƙe bakin bindiga yana kallon tudu, ka ƙirga sittin a hankali. Tsohon harsashi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Bayan haka ka buɗe, fuskarka a gefe.

Ka ƙare da harbi ɗaya ko biyu a tsaye a kan sandunanka, domin a daji babu buhun yashi.

5. Neman dabba

Fita da asuba bayan salla, ko da la'asar sakaliya. Maraya tana son fadama da filin da aka ƙone ya fara tsiro, kuma ba ta nisa da ruwa. Kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki mai bin sawu ɗan yankin, ka kuma saurare shi. Ɗakin harsashi ya zauna babu komai har sai kun ga dabba.

Girgiza tsumman toka a kai a kai. Inda tokar ta nufa, can warinka ke zuwa. Iska ta riƙa bugun fuskarka. Da hunturu takan taso daga arewa maso gabas, amma a bakin mayo tana juyawa ba sallama. Taku kaɗan, tsayawa mai yawa. In dabba ta ɗaga kai ka daskare, in ta sunkuya ka matsa. In ka ji ta yi fito, ta gan ka, zauna ka ba ta lokaci.

Namiji ne mai ƙaho, mace ba ta da shi. Nemi tsohon namiji mai kaurin wuya, wanda ƙahonsa ya lanƙwasa sosai, galibi za ka same shi shi kaɗai a filinsa. Mace da ɗan saurayi ka bar su.

6. Harbi

Da saitin ƙarfe ba na wuce mita 100, kuma na fi son 70. Ƙwaya mai nauyi ta 7x57 da aka saita a mita 100 tana sauka kimanin taƙi guda a mita 200, ido kuma yana ruɗuwa da nisa a fili. Matsawa kusa ita ce gwanintar.

Kafin ka cire makullin da ke tsare kunama, dubi bayan dabbar. Dajinmu cike yake da Mbororo da shanunsu, da masu zuma, da masu haƙar zinariya. Ƙwayar doguwar bindiga tana tafiya fiye da kilomita uku. Dabbar da ke kan tudu, sama a bayanta, ba a harbinta. Motsi cikin ciyawa da ba ka ga kai da ƙafa ba, ba a harbinsa.

Jira ta ba ka gefe. Bi bayan ƙafar gaba da ido ka hau sama, kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki, nan zuciya da huhu suke. Kai da wuya ka bar wa masu alfahari; kuskure kaɗan ne sai ka karya muƙamuƙi, dabba ta mutu da ƙishirwa bayan kwanaki. Yi bisimilla, saki rabin numfashi, ka matsa kunama a hankali, kada ka fizga. Ɗora wani harsashin nan take, idonka a kanta.

7. Bin jini

In ta faɗi, tunkare ta ta baya. In da sauran rai ka yanka ta da bisimilla. In ta gudu, kada ka bi. Sa alama inda ka tsaya da inda take, ka zauna minti ashirin zuwa talatin. Dabbar da ba a kora ba takan kwanta kusa.

Jini ja mai kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, ƙara jira. Mai haɗe da koren abinci da wari na ciki ne, wannan sai haƙuri na awanni, kuma nemanta wajibi ne a kanka ko da yini zai ƙare. Bi ta gefen sawu, kada ka taka shi, kana karya reshe a jinin ƙarshe. Mazo namiji in ya ji rauni yana ɓuya a kurmi ya soki mutum, kada ka kutsa masa da ka. Hukuncin dabbar da ka tarar ta riga ta cika, ko ka same ta cikin ruwa, ka tambayi malaminka tun kana gida, ba a tsakar daji ba.

8. Nama da komawa gida

Farke ciki nan take, ka kiyaye tumbi da mafitsara kada su fashe. Buɗe ƙirji da ɗan itace, rataye a inuwa iska ta shiga. Yanke naman da ya ƙuje kewayen raunin ka zubar, akwai ɓurɓushin dalma a ciki. Kada ka sa nama mai ɗumi a leda. In gida da nisa, yanyanka shi sirara ka sa gishiri ka shanya, ko ka yi banda. Rubuta dabbar a littafin izininka kafin ka bar wurin, ka biya kuɗinta, ka karɓi takardar da za ka nuna a shingen hanya. Mai bin sawu da mai gari suna da rabonsu, a fitar da shi tun a can.

A daren nan, ko ka gaji, ka goge bindiga. Tsofaffin harsasai da yawa hularsu tana barin wani gishiri a bututu, mai kuma ba ya narkar da gishiri. Cire sakata, juya bakin bindiga ƙasa, ka zuba ruwan zafi ta gindi da mazurari, kana kiyaye katako. Zafin ƙarfen zai busar da shi. Bi da tsumma busasshe, sannan mai kaɗan, ka goge fuskar sakata ma. Bayan kwana biyu ka sake leƙawa, in ka ga ja-ja a tsumma ka maimaita. Kwanson da ka harba ka haɗa su wuri ɗaya, ka rubuta a murfin akwati irin harsashin, nisan da ka yi harbi, inda ƙwayar ta shiga, da adadin da ya rage.